Kwaɓin da Ya Kwana

A tsakar gidanmu na ƙauye, can ta wajen Jahun, akwai wata tsohuwar rijiya da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya haƙa tun ban yi wayo ba. Na sha gaya wa mutane a Dutse cewa idan ka jefa dutse cikinta bayan azahar, sai ka yi alwalar la'asar kafin ka ji saukarsa. Su kwashe da dariya, su ce na fara halin nawa. To, na yarda ina ƙara gishiri, tun ina yaro haka nake. Amma a kan rijiyar nan ɗan barbaɗawa kawai na yi. Mai zurfi ce, baƙa ƙirin, in ka leƙa sai wata iska mai sanyi ta bugi fuskarka kamar wani abu ne yake numfashi a ƙasa.

Da aka kawo burtsatse unguwar sai aka daina jan ruwanta. Aka jera mata azara, aka ɗora tsohon kwano, aka manta. Gara kuwa ba ta manta ba. Ranar da wata akuya ta taka kwanon ya lotsa da ita, kowa ya ce a cike ramin a huta. Inna, mahaifiyarmu, ta ce atafau.

"Ruwan yana nan da ransa za ku binne shi? Da hannunsa babanku ya haƙa. In na mutu ku yi yadda kuka ga dama."

Ba ni ta gaya wa ba, ko da yake ni ne a tsugune gabanta. Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna mutuniyar da ce: ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido da ido, in za ta yi min magana sai ta juya wajen bango ta ce, "Ku gaya wa wancan." Ko da babu kowa a ɗakin. Bangon gidanmu ya isar da saƙon da ya fi na gidan waya. A lokacin ma yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sai inuwa, da sanda take laluben tsakar gida. Saboda haka rijiyar ta hana mu sakat.

Ƙanena, wanda muke ce wa Injiniya ko da yake takardarsa ba ta kai can ba, yana aiki da masu gine-gine a Dutse. Shi ya zo da dabara. Katangar bulo ta bayan gida ta faɗi a daminar da ta wuce, tana nan jibge. Ya ce a farfasa ta ƙanana, a tankaɗe ƙurar, a haɗa da 'yar tsakuwa ta gaske, ta zama kayan kankare maimakon a bar ta kunamu su yi ta haya kyauta. Sannan ya zazzage wani ƙunshi a gabanmu: tsofaffin buhunan roba irin na taki, an warware su an yanyanka zaren gajeru-gajeru kamar gaɓar yatsa.

"Yaya," ya ce da ni, "shi kankare in dai dannawa ce, ko kai ka zauna a kansa bai damu ba. Ja ne ba ya so. Da ya fara tsagewa sai ya tafi gaba ɗaya. Wannan zaren shi yake ɗinke tsagar tun tana ƙarama. Amma fa ba ya maye gurbin rodi. Rodi zan taho da shi in na dawo, sannan a zuba."

Baffa yana zaune a gindin darbejiya yana jinmu. Ƙanin mahaifinmu ne, maginin ƙasa tun na kakanni. Rabin sorayen ƙauyen hannunsa ne. Amma tun da bulo ya shigo ba mai kiransa sai in za a toshe ramin ɓera. Ya zama mutum mai yawan shiru, yana yini yana kallon katangun wasu. Ranar nan ya miƙa hannu ya damƙi zaren, ya murza, ya kai hanci. Sai na ga fuskarsa ta washe irin yadda ban gani ba tun rasuwar wansa, mahaifinmu.

"Kai, ɗan nan. Wannan ai ramno ne."

Ramno ita ce busasshiyar ciyawar da suke cuɗawa da ƙasar gini don kada bango ya tsage.

"Kusan haka ne, Baffa," in ji Injiniya.

"Ba kusan ba ne, shi ne. Kun je boko kun kewayo, kun dawo inda kuka bar mu. Tsohon bango ma mu ba ma zubarwa, jiƙa shi muke mu sake tayarwa. Yo wannan aikin ai nawa ne!"

Inna daga ƙofar ɗaki ta ce, "Sarkin Magina ya samu sarautarsa." Dama tsakaninsu akwai wasan matar wa da ƙanin miji. Ya ce, "Ke dai ki tanadi fura, tsohuwa, za ki ga murfin da jikokin jikokinki za su yi rawa a kai."

Washegari aka kira Injiniya wani aikin kwalbati ta wajen Ringim, ya tafi da niyyar dawowa ba da jimawa ba, aikin ya riƙe shi. Baffa kuwa bai iya jira ba. Rodi? Ya ce soron liman da ya gina yana nan tsaye, ba ko allura a cikinsa.

Su maginan ƙasa suna da ƙa'ida guda da ba sa karyawa. In an kwaɓa ƙasa da ramno, an tattake ta, ba a gini da ita ranar. Rufe ta ake yi, a bar ta ta kwana, ta tsima, ciyawar ta saki jikinta, sannan a dawo a ƙara ruwa a sake tattakawa. Wanda ya yi gini da ɗanyen kwaɓi a wurinsu ba magini ba ne, mai wasan ƙasa ne. Haka Baffa ya yi wa siminti. Ya haɗa yashi da fasasshen bulo da zare, ya kwaɓa da yamma, ya lulluɓe da jiƙaƙƙun buhuna, ya ce, "Ya kwana tukuna." Ina zaune ina ɓarar gyaɗa ina yaba masa. Ni hatsi nake sayarwa. Abin da na sani game da siminti shi ne buhunsa ya fi na gero nauyi.

Da safe tulin ya sandare kamar bayan dorina. Baffa ya ƙwanƙwasa ya ce, "Madalla, ya kama jikinsa." Ya sa diga ya farfasa, ya kwarara ruwa, ya naɗe wando ya shiga da ƙafa. Har rana ta take yana tattakawa. Simintin ya cinye masa fatar ƙafa, tsakanin yatsunsa ya yi jajir, bai ko yamutsa fuska ba. Ya zuba a katakon da ya kewaye, ya bar ɗan rami a tsakiya don rijiyar ta sha iska, sannan ya kwaɓa ragowar sabon siminti ya shafe saman sumul, ya zana masa ado irin na fuskar zaure. Wallahi murfin ya yi kyau. In da za a kai shi kasuwar Dutse, sai wani ya saya ya rataya a falo. Da ya bushe majiya ƙarfin unguwa suka ciccibe shi suka ɗora a bakin rijiyar.

Sai bazara ta shigo, zafin da kaza take yin ƙwai dafaffe. Inna, da take laluben duniya da tafin ƙafa, ta gano cewa duk gidan ba inda ya kai murfin nan sanyi, don iskar rijiya tana hura shi ta ƙasa. Ta sa aka kai mata kujerarta 'yar tsugunno can, da tabarma, da randa. Nan take jan carbi, nan take ɓarar gyaɗa, nan take gyangyaɗin rana. A daidai tsakiya.

Na ba Injiniya labarin ne a shagona na Dutse, a matsayin abin dariya. Ya dawo daga Ringim, muna cin shinkafa da wake, ina kwaikwayon yadda Baffa yake rawa cikin kwaɓi. Ina cewa "ya bar shi ya kwana" sai na ga cokalinsa ya tsaya a hanya.

"Me ya kwana?"

"Kwaɓin mana. Ya tsima."

"Yaya, don Allah yau kaɗai, ban da ƙari. Siminti ya kwana a jiƙe, aka fasa aka sake kwaɓawa?"

"Ko gishiri ɗaya ban sa ba."

Ya ajiye cokalin. Ya ce siminti sau ɗaya yake kamawa a rayuwarsa. In ya kama ka fasa shi, ya mutu. Abin da ka sake kwaɓawa tsakuwa ce da laka mai launin toka. Ya ce abin da yake riƙe da murfin nan yanzu shafen sama ne da zaren buhu, sai kuma ikon Allah.

"Wa yake bi ta kai?" ya tambaya.

Ban taɓa jin shinkafa ta zama yashi a bakina ba sai ranar.

Muka tafi gida tare. Na tsuguna na ce, "Inna, murfin nan ba shi da lafiya, zai iya ruftawa da ke." Ta juya wajen randa ta ce, "Ku gaya wa wancan, shi ne ya ce min ya ga kifi mai girman jaki a kogin Ringim." Matan gida suka fashe da dariya. Abin da na shuka ke nan shekara da shekaru: ranar da na zo da gaskiya tsirara, ba wanda ya gane ta a bakina. Injiniya ya gwada nasa, da ladabi, da bayani. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Ƙanin ubanku ya zubar da fatar ƙafarsa a kan aikin nan. Ku je ku ce masa bai iya ba. Ku je mana. Ni dai ba a bakina ba, kuma in kuka taɓa murfin nan da guduma ban yafe ba."

Zuwa wurin Baffa kuwa, mun je har ƙofar zaurensa. Muka tarar ya yi aski, ya sa sabuwar hula, yana ba wasu maƙwabta labarin yadda boko ta dawo ta durƙusa wa ramno. Har an fara kiransa aiki gida-gida. Ya ce, "'Ya'yana, lafiya?" Muka ce lafiya lau, gaisuwa muka kawo. Muka fito kamar an tsoma mu a ruwa.

Daga nan na koma zuwa gida duk ƙarshen mako, ina zama kusa da rijiyar kamar mai gadi. A nan na fara jin ƙarar. Tsakar rana, gida shiru, Inna tana gyangyaɗi a kujerarta, sai ka ji can ƙasa, nesa: ɗis. Ba wanda ya jefa komai. A jima kuma: ɗis. Inna, da kunnenta ya gaji aikin idonta, ta riga ni ji.

"Kwaɗi ne," ta gaya wa sandarta. "Suna murna an yi musu rufi."

Wata rana da ta shiga ɗaki yin sallah, na ɗauko madubin matata da guntun wani, na kwanta rub da ciki a gefe, na zura ɗaya ta ramin tsakiya, na hasko rana da ɗayan. Abin da na gani har yau yana zuwar min in na rufe ido. Ƙasan murfin ya zama kamar haɓar tsoho: zare ne fari-fari yake reto ko'ina, wasu da 'yan duwatsu maƙale a bakinsu suna lilo. Inda duwatsun suka zube ya bar kogo-kogo. Murfin yana cin kansa daga ƙasa, saman kuma yana nan sumul da adonsa. Ina kallo wani dutse ya saki zarensa ya tafi. Na daɗe ina jira kafin na ji ɗis.

Sai matar Injiniya ta haihu, aka ce a gida za a yi suna. Inna ta sanar cewa ita da ƙawayenta tsofaffi a kan murfi za su zauna, don su sha sanyi, kuma a nan za a miƙo mata jaririn. Na dubi Injiniya, ya dube ni.

Dabarar tawa ce, kuma irin wadda mai hankali ba zai kawo ba. An hana mu guduma, an hana mu magana. Amma ba wanda ya hana ni nauyi. Ni mutum ne da in na hau babur, mai babur yakan sauka ya duba tayarsa ya yi salati. In murfi ya karye a ƙarƙashina, ba wanda zai ce Baffa bai iya aiki ba; cewa za a yi ƙaton nan ne, ko gadar Ringim ya taka sai ta yi ƙara. Kunyar ta dawo kaina, ni kuwa na saba ɗaukarta.

Ana gobe suna da hantsi, an ɗaure ragon suna a jikin darbejiya, igiyoyi ko'ina a ƙasa. Muka ƙara ɗaya a cikinsu, mai kauri. Bakinta ɗaya a gindin bishiya inda Injiniya ya zauna kamar yana ba rago dusa, ɗayan a ƙuguna ƙarƙashin babbar riga. Baffa ya shigo shan fura. Aka kira Inna ɗakin mai jego wai ta ji ɗumin jikin yaro. Kujerarta tana nan a tsakiyar murfi.

Na saɓo buhun geron suna a kafaɗa na ce da ƙarfi, "Baffa, yau zan gwada aikinka. In ya ɗauke ni da buhun nan, a kira ka har Abuja."

"Hau mana, Buhu," ya ce, yana dariya. Haka yake kirana tun ina yaro. "Buhu a kan buhu. Hau ka ga aikin maza."

Na taka. Sanyin ya ratsa tafin ƙafata. Na ƙara taku, na isa kusa da kujerar. Shiru. Na ɗan girgiza jiki, na yi rawar da nake yi wa yara su yi dariya, mata suka fara tafi. Murfin ko gezau. Ban taɓa tunanin wannan ba: in ya ɗauke ni yau a gaban kowa, magana ta ƙare har abada, gobe tsofaffi za su jeru a kansa da jariri.

Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sandar Inna. Ta fito daga ɗakin mai jego ta nufo wurinta.

"Ku gaya wa wancan ya sauka min daga wurin zamana."

"Inna, dakata!" in ji Injiniya. Ba ta ko juya ba. Ta san hanyar da ƙafarta, ba ta buƙatar kowa. Na ga bakin sandar ya taɓa gefen murfin, ƙafarta tana biye.

Na yi bisimilla na daka tsalle da buhun.

Ban ji ƙara irin ta rushewar gini ba. Wani sauti ne siriri, kamar ana yage sabon yadi a hankali. Adon Baffa ya rabe biyu a tsakanin ƙafafuna. Murfin bai faɗa nan take ba. Ya lotsa kamar faifan da aka ɗora wa dutse, zaren yana miƙewa yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, tas, tas, tas. Wannan ɗan jinkirin shi ya ba Inna damar ja da baya, shi ya ba ni damar sakin buhun in kifa ƙirjina a bakin rijiya. Kujerar ta zame ta gefena ta shige. Sannan tsakiyar gaba ɗaya ta tafi, ƙafafuna suka koma reto a cikin iska mai sanyi, igiyar ta shaƙe min ciki har na ga taurari da rana tsaka.

A cikin wannan shirun, kafin buhu da kujera su isa ruwa, na ji an ƙwala kiran sunana. Sunana na yanka, cikakke. Muryar Inna ce. Tun da ta haife ni ban taɓa jin sa a bakinta ba, ban kuma sake ji ba har ta koma ga Allah. Sannan ƙarar ta taso daga ƙasa, ta daɗe tana kewaya rijiyar.

Injiniya yana ja ta wajen bishiya, Baffa ya damƙi rigata ta baya. Da suka fito da ni na baje a ƙasa kamar an sauke buhun hatsi, na buɗe baki zan yi abin da muka shirya, in ce laifin tuwon da na ci ne. Sai na ga hannun Baffa yana kan ƙullin igiyar da ke ƙuguna. Ya bi ta da ido har gindin darbejiya. Ya dubi Injiniya, Injiniya ya sunkuyar da kai.

"Tun yaushe kuka sani?" in ji Baffa a hankali.

Ya tsuguna ya ɗauki wani ɓallin da ya rage a baki, ya matse shi a tafin hannu. Ya ruguje kamar busasshen ƙanzo, ya bar masa zare a tsakanin yatsu. Injiniya ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Zaren ya yi aikinsa, Baffa. Kwanan ne siminti ba ya yi." Baffa ya daɗe yana kallon tafinsa. Inna tana tsaye inda ta ja ta tsaya, sandarta a ƙasa, tana laluben iska da hannu har ta samu kaina. Ta dafa sau ɗaya, ta janye, ta juya wajen bango ta ce a gaya wa wancan ya tashi, ya tara mata jama'a.

Baffa ya miƙe ya ce, "Buhu, ɗauko min guduma. Ba wannan kaɗai na yi ba."

Ranar, da ƙafafunsa da ba su gama warkewa ba, ya bi gidajen da ya yi wa aiki ɗaya bayan ɗaya. Yawanci murfin masai ne, sai na wata rijiyar a bayan masallaci. Shi yake yin sallama, shi yake bayani da bakinsa, shi yake ɗaga gudumar. Bai bar mu mun taɓa ba. Bayan suna shi da Injiniya suka zuba wa Inna sabon murfi, da rodi, da fasasshen bulo, da zaren, aka kwaɓa aka zuba a take. Baffa ne ya yi shafen, bai zana komai a kai ba. Inna ta sa aka sayo wata kujerar, ta koma tsakiya, ta zauna a nan sauran bazarorin da Allah ya ba ta. Ban ƙara jin kwaɗi ba.

Abu ɗaya ne ya rage. Muna dawowa da guduma ranar, Baffa ya tsaya cak a hanya. Ya ce akwai wani da ya zuba a ƙofar zaurensa, wani mutum ya zo da amalanke ran kasuwa ya ɗauka, ya ce rijiyar gidansu zai rufe saboda yara. Baƙo ne, daga wani ƙauye ta yamma ko ta arewa. Mun yi cigiya a kasuwanni, mun sa an faɗa a masallatai. Har Baffa ya rasu yana tambayar masu amalanke, ba a samu mutumin ba.

Murfin yana da ado irin na fuskar zaure, da ɗan rami a tsakiya, kuma da bazara yana da sanyi ƙwarai. Ina faɗa a duk inda na sauke hatsi. Yawanci dariya suke yi, su ce na fara.